Kafin ka sayi fom ɗin digiri na biyu a kimiyya

Mai son digiri na biyu a ilimin sinadarai ko aikin gona, a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, ya fara tattara takardu. Yawanci ana neman digiri mai daraja ta biyu, shaidar bautar ƙasa, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Mai daraja ta uku kan bi ta diflomar gaba da digiri tukuna. Takardar sakamakon darussanka kuwa, neme ta da wuri, ba ta fitowa a rana ɗaya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Malamin da zai duba bincikenka shi ne magana. Taka da ƙafarka zuwa sashen, ka ja ɗalibansa gefe ka tambaya: shekara nawa suke yi kafin su gama? Leƙa ɗakin gwaje-gwaje. Na'urorin na aiki, ko an lulluɓe su da leda sun sha ƙura? In an ɗauke wuta, ina makomar samfurin da ke firij? Kuɗin sinadarai ma sau da yawa daga aljihunka zai fito.

Zaɓi binciken da kayan aikinsa ke nan a ƙasa.