Idan Baƙo Ya Tanka wa Sumarka

Saurayi mai tara suma, a kasuwar Dambatta ko ta Bichi wani zai dube ka ya ce, "Samari, wanzamin garinku tafiya ya yi?" Kada ka harzuƙa, sau da yawa tsokana ce, balle daga bakin tsohon da ya yi jika da kai. Ka gaishe shi, ka yi murmushi: "Baba, sai an gama girbi." In ya ƙara, ka ce, "Allah ya ƙara girma," ka wuce. Gaskiya ne gashin Manzon Allah (SAW) yakan kai kafaɗa, amma tsakiyar kasuwa ba wurin ja da dattijo ba ne. Sumar dai a wanke ta, a taje, in za a shiga taro a sa hula.