GURUP NA TAFIYA, AMMA BABU WUTA

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, kamar Korgom da Kanambakashe, gurup na ba masu shago da masu cajin salula wutar lantarki. Wani lokaci injin na ƙara, amma ampul ba ta kamawa. Kada a yi gaggawar kwance shi. A fara da abu mai sauƙi.

1. A gwada wata ampul da wata waya.
2. A duba makunnin tsaro da fizibil. Kaya in sun yi yawa, su ke yanke wuta.
3. A kashe injin, a duba sharbon. Yana cinyewa, ƙura kuma tana toshe shi.
4. Gurup da ya daɗe ajiye yana rasa ƙarfin maganaɗisunsa. Makanise na tada shi da batir mai bolt 12.
5. In duk lafiya, sai makanise ya auna kondansater da naɗin waya.

Hattara! Bolt 220 na kisa. Hayaƙin gurup ma guba ne: kada a kunna shi cikin ɗaki.

Tambaya: me ake fara dubawa?