BINNE: DARASI A KAN ƘARAMIN MAFARI

Karatu: Haggai 2:1-9, Zakariya 4:6-10, 2 Sarakuna 5:1-14, Luka 16:10.

'Yan'uwa, wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Tambuwal, ko kuwa ya karkata ya shiga ƙasar Kebbe, zai ga masu bin Yesu kaɗan ne a wannan yanki. A wani wuri gida biyu ne ko uku ke taruwa ran Lahadi: malamin makaranta, da mai ɗan kanti, da ma'aikacin ɗakin magani, da matansu da yaransu. Baikon da su ke tarawa ba ya isa sayen kwanon rufi. In ɗayansu ya je Jos ko Kaduna, ya ga majami'a cike maƙil, sai ya komo gida gwiwa a sanyaye, ya ce a ransa, “Anya, wannan ɗan taro namu aikin Allah ne kuwa?”

Tambayan nan ba ta wasa ba ce, gama wanda ya rena aikinsa ba ya daɗewa a kansa. Yau ya yi fashin addu'ar safe, gobe ya bar koya wa yara, jibi sai a iske ɗakin sujada a kulle. Saboda haka bari mu duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana, sa'an nan mu duba labarin ekklesiyarmu.

1. Tsofaffin da suka yi kuka

Sa'ad da Yahudawa suka komo daga bauta a Babila, suka aza harsashin haikali a Urushalima. Ezra 3:12 ya nuna mana matasa suna sowa, amma tsofaffin da suka san haikalin Sulemanu suka fashe da kuka. Abokan gāba suka tsananta musu, aikin ya tsaya shekara da shekaru, kowa ya koma gyaran gidansa. A shekara ta 2 ta mulkin Dariyus, watau 520 kafin haihuwar Almasihu, Allah ya aiko annabawa biyu, Haggai da Zakariya. Haggai bai ruɗe su ba. Ya yarda sabon ginin bai kama ƙafar na dā ba a idonsu, amma ya ce su ƙarfafa su yi aiki, domin Ubangiji yana tare da su. Zakariya kuwa ya tsauta wa masu rena ɗan mafarin nan, ya ce Zerubbabel da ya aza harsashi shi ne zai gama. A shekara ta 6 ta Dariyus aka gama.

Mu lura, gwada nasu da na wani shi ne ya kashe musu jiki. Ga shi kuwa haikalin nan da aka rena, wanda Hirudus ya faɗaɗa daga baya, shi ne aka kawo Yesu cikinsa yana jariri.

2. Yarinyar da ba a faɗi sunanta ba

Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, amma kuturu ne. A gidansa akwai wata yarinya Ba'isra'iliya da aka kamo wurin hari, tana yi wa matarsa bauta. Ba ta da dangi a garin, ba ta da majami'a, ba ta da malami. Abin da ta ke da shi biyu ne. Ta san akwai annabi a Samariya, tana kuma aikinta yadda uwargijiyarta ta iya gaskata maganarta. Magana guda ta yi, maganan nan ta kai har kunnen sarki. Da ita malalaciya ce ko maƙaryaciya, wa zai ɗaura wa doki sirdi saboda bakinta?

Shi kansa Na'aman ya kusa hasarar warkewa domin ya rena abin da aka ce ya yi. Ya zo da azurfa da zinariya, yana jiran babban al'ajibi, sai aka ce ya je ya yi wanka sau 7 a Urdun. Barorinsa ne suka lallashe shi. Mu ma sau da yawa a shirye mu ke mu yi babban abu, ƙaramin ne ya kan gagare mu.

3. Kaburbura biyu

A birnin Toronto na ƙasar Kanada wata mace, uwar Walter Gowans, ta zaunar da wani saurayi mai suna Rowland Bingham a ɗakinta, ta ba shi labarin ƙasashenmu. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko: Gowans, da Bingham, da Thomas Kent. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa, ba su sami ko mai bi ɗaya ba. Ya sāke zuwa a 1900, ciwo ya sāke kore shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Pategi, bakin Kwara. Wannan shi ne mafarin mishan ta S.I.M. A 1954 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin nan suka haɗu suka zama E.C.W.A. Bingham bai ga ranan nan ba, gama ya rasu a 1942.

Haka kuma Likita Walter Miller na mishan ta C.M.S. Ya zo a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarkin Kano bai yarda su zauna ba, suka komo Girku, garin nan da Gowans ya mutu. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, yana duba marasa lafiya, yana koya wa 'yan yara kaɗan, yana juya Littafi zuwa Hausa aya bayan aya. Shi da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka yi ta fama har aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shekara 32 ke nan daga zuwansa. Da yayyafi kogi kan cika.

4. Amanawa

A lardin Sakkwato ta ƙofar jinya aikin ya shigo. Wajen 1937 aka danƙa wa S.I.M. kula da masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. A lokacin nan babu magani mai warkarwa sosai, sai allurar wani mai da ake samu daga itacen ƙasar Hindu, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Ma'aikatan, Turawa da 'yan ƙasa, suka yi shekara fiye da 10 suna wanke miki, suna ɗaure shi, kashegari su kwance su sāke wankewa. Sai wajen 1950 ƙwayar dapsone ta fara yaɗuwa, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, har kuturta ta zama ciwon da ake warkewa sarai. Daga baya gwamnati ta karɓi wuraren nan.

Ba mu san sunayen yawancin masu ɗaurin mikin nan ba, kamar yadda ba mu san sunan yarinyar gidan Na'aman ba. Amma a hannunsu mutane da yawa suka koyi karatu, waɗansu kuma suka ba da gaskiya. Da sun ce sai magani ya zo za su fara, da mutane da yawa sun mutu ba mai taɓa su.

5. Mu fa?

Manoman Tambuwal da Kebbe sun san binne. Mutum ya fita da sungumi tun ƙasa tana busasshiya, ya sara, ya zuba ƙwayar gero, ya taka da ƙafa, ya koma gida. Mai wucewa ba ya ganin kome sai rairayi. Wani lokaci ruwa ya yi jinkiri, irin ya lalace, a sāke shuka. Duk da haka ba mu taɓa jin manomi ya ce gonarsa ta yi ƙanƙanta, don haka ba zai fita ba. Nasa shi ne shuka da noma, ruwa na Allah ne. Bulus ya koya wa Korantiyawa wannan a 1 Korantiyawa 3:6-7.

Kada mu ɗauka kowane ɗan taro zai zama babbar ekklesiya. Allah bai yi mana wannan alkawari ba. Wani zai yi aiki shekara 30 a ƙauye guda, ya bar mutum 10 a bayansa. A misalin talanti cikin Matta 25, mai 5 da mai 2 yabo iri ɗaya suka samu, domin amincinsu aka auna. Wanda aka hukunta shi ne mai guda ɗaya, da ya haƙa rami ya ɓoye nasa. Akwai binne na bangaskiya, akwai na tsoro. Na farko ya sa iri a ƙasa domin ya tsiro, na biyu ya sa shi domin kada a tambaye shi kome.

To, ina amincin nan ya ke a cikin mako? Mai awo ya cika mudu, ko mai saye yaro ne. Malami ya shiga aji a kan lokaci, ko ba mai duba shi. Wanda ya ci bashi ya biya ran da ya ce. Maigida ya tara iyalinsa su karanta sura guda kafin barci. Ma'aji ya rubuta kowace naira ta baiko, ya karanta a gaban jama'a. Mu gai da maƙwabtanmu Musulmi da ladabi, mu je musu barka da ta'aziyya, mu zauna da su lafiya. In mutum 6 ne suka zo sujada, mai wa'azi ya shirya kamar 600 ne za su zo. Luka 16:10 ya nuna mana ƙaramin abu shi ne ma'aunin babba.

Ku kuma 'yan'uwa na manyan ekklesiyoyin birni, ku tuna daga kaburbura biyu kuka fito. Ku ziyarci ƙananan, ku yi addu'a dominsu, ku riƙa tambayar lafiyar masu bisharar da ke can.

Tambayoyi domin taron tsakiyar mako

1. Me ya sa aikin haikali ya tsaya, me kuma ya tashe shi?
2. Me ya sa aka gaskata maganar yarinyar gidan Na'aman?
3. Wane ƙaramin aiki ne ka bari domin ka ga ba mai lura? Yaushe za ka koma kansa?

Mu yi addu'a domin masu bi na Tambuwal da Kebbe, Ubangiji ya ba su haƙurin manomi, ya kuma same mu duka a bakin aikinmu ran da zai zo. Amin.