Takardar Likita Kafin Shiga Jami'a: Abin Yi da Abin Bari

Ɗana, da kai nake, ƴata ke ma ki saurara. Ka ci jarrabawar Bak, ka samu gurbi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, amma kana ɗauke da sikila, ko farfaɗiya, ko ciwon fuka, ko ƙafar da shan inna ta taɓa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma kafa doka mai lamba 2019-62 a Disambar 2019 don kare su. Sai dai ma'aikacin ofis takarda yake dubawa, kuma na ga yaran da suka yi asarar shekara guda cur saboda rashinta.

Abin da za ka yi

- Je Babban Asibitin Damagaram ka ga likitan da ya san ciwonka. Takardar ƙaramin asibitin ƙauye ba lallai ta ishe ka ba.
- In daga Magariya, Tanut ko Gure ka fito, taho da tsohon littafin asibitinka. Shi ne shaidar cewa ciwon ba jiya ya fara ba.
- In sikila ce, yi gwajin jinin da ke nuna SS ko SC. "Ina ciwon ƙashi" ba hujja ba ce a gaban kowa.
- Roƙi likita ya rubuta abin da ciwon yake hana ka da abin da kake buƙata. Nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Sunan cuta kaɗai ba ya gaya wa malami komai. A rubuta ƙarara: ba ya iya hawa bene, yana buƙatar ɗaki a ƙasa kusa da bayan gida, hannunsa ba ya sauri sai an ƙara masa lokaci a jarrabawa, zai riƙa fashin aji in ciwo ya tashi, dole ya shiga da ruwan sha da magani.
- Kafin ka bar gaban likita, duba kwanan wata, sa hannu da hatimi, ka tabbata sunanka ya yi daidai da na takardar haihuwa. Harafi ɗaya ya isa a maido maka da ita.
- Yi kwafi da yawa, a buga musu hatimi a ofishin magajin gari, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Gara da damina ba su san darajar takarda ba.
- Tun makon farko kai wa ofishin rajista, da shugaban sashenku, da CROU mai kula da ɗakin kwana da abinci. Ɗakunan ƙasa ba sa jiran kowa.
- Nemi ƴan ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH. Sun riga ka bin wannan hanya.

Abin da ba za ka yi ba

- Kada ka ɓoye ciwo don kunya. In farfaɗiya ta kayar da kai a aji, babu wanda ya san abin da zai yi, sai a taru ana cusa maka cokali a baki, a karya maka haƙori.
- Kada ka miƙa takardar asali. In ta ɓace, ka koma layin asibiti daga farko.
- Kada ka bar ofis ba a buga maka shaidar karɓa a kan kwafinka ba. "Na ba su" ba ta da mai tsaya mata.
- Kada ka dogara da alkawarin baki. Wanda ya ce "ba komai" yau, gobe an canza masa wurin aiki.
- Kada ka jira ranar jarrabawa. Mai gadin jarrabawa ba shi da ikon ƙara maka ko minti ɗaya.
- Kada ka sayi takardar jabu, kada ka roƙi likita ya ƙara gishiri. Ranar da aka gano, karatunka ya tafi, ga shari'a, ga baƙin jinin da ka jawo wa masu ciwon gaske.
- Kada ka raba asirin lafiyarka a rukunin WhatsApp na aji. Wanda aikinsa ya shafa kaɗai za ka ba.
- Kada ka tura babanka shi kaɗai. Kai za ka zauna a ajin, kai ka san inda ke ciwo.
- Kada ka kwana asibiti ka fito hannu wofi. Sanyin hunturu da zafin bazara suna tayar da sikila, kuma duk fashin da ka yi sai da takardar kwanciya mai ɗauke da ranar shiga da ranar sallama.