BABI NA TARA: HAUSA DA ILIMIN KIWON LAFIYA: MAGANCE CIWON ƘUGU BAYAN TIYATA

9.0 Gabatarwa

Aikin malamin Hausa bai tsaya ga nahawu da adabi ba. Sau da yawa shi ne mutumin da ake kawo wa takardar asibiti a ƙauye domin ya karanta ya yi bayani. Saboda haka wajibi ne ɗalibi mai neman zama malami ya iya bayyana al'amuran kimiyya da Hausa tsantsa, ba tare da ya karkatar da ma'ana ba. Wannan babi ya ɗauki ciwon ƙugu da kan ci gaba bayan tiyata a matsayin misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma babu ciwon da ya kai shi naƙasa mutane. Za a duba hanyoyi biyu na sauƙaƙa shi, wato magungunan asibiti da kuma sukan allura irin na Sinawa, sannan a waiwayi kalmomin da Hausa ke buƙata wajen bayanin su.

9.1 Tsarin Ƙashin Baya

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora wani a kan wani: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun haɗe a ƙasa can wajen mazaunai. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai taushi, wanda aikinsa kamar na gammo ne a kan mai dako. Ta cikin ramin da ƙasusuwan suka yi ne laka ta ratsa, daga gare ta kuma jijiyoyi suka fito suka gangara zuwa ƙafafu. Ƙasusuwan ƙugu biyar ɗin nan su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki, shi ya sa nan ne ciwo ya fi sauka. Idan faifan ya bulluƙo ya danne jijiya, ko ramin laka ya tsuke, ko wani ƙashi ya zame daga mazauninsa, akan kai ga yin tiyata a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

9.2 Dalilan Ciwo Bayan Tiyata

Ciwon bayan tiyata iri biyu ne. Na farko shi ne zogin yanka, wanda kan lafa cikin makonni yayin da rauni ke warkewa. Na biyu shi ne wanda ya zarce wata uku bai tafi ba, kuma shi likitoci ke kira ciwo mai naci. Daga cikin abubuwan da ke haddasa shi akwai:

(a) sake bulluƙowar faifan da aka yi wa aiki;
(b) tabon ciki da kan naɗe jijiya ya riƙa jan ta;
(c) ƙin haɗewar ƙasusuwan da aka ɗaure da ƙarfe;
(d) lalacewar gaɓar da ke maƙwabtaka da wurin aikin, saboda nauyi ya koma kanta;
(e) illar da jijiya ta riga ta samu tun kafin a yi aikin.

Akwai alamomin da ba a jira da su, ba a kuma neman maganin gida: zazzaɓi, fitar ruwa ko mugunya daga ɗinki, raunin ƙafa da ke ƙaruwa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, da daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, to komawa wurin likitan da ya yi aikin ita ce mafita, kuma cikin hanzari.

9.3 Magungunan Asibiti

Ana iya kasa magungunan da ake bayarwa kashi huɗu. Kashi na farko shi ne farasitamol. Yana da sauƙin illa idan an kiyaye ƙa'ida, amma bai halatta baligi ya wuce giram 4 a rana ba, domin wuce hakan na lalata hanta. Shi kaɗai kuma ba kasafai yake isar mai ciwon ƙugu ba.

Kashi na biyu su ne masu rage kumburi, irin su ibufurofin da diklofenak. Suna da amfani, sai dai daɗewa ana shan su kan jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya kuma ɗaga hawan jini. Bugu da ƙari, likitoci da dama kan hana su ga wanda aka haɗe wa ƙasusuwa, saboda gudun kada su jinkirta haɗewar.

Kashi na uku su ne dangin ofiyom, wato mofin da kodin da tiramadol. Waɗannan suna da gurbi a 'yan kwanakin farko na tiyata, lokacin da zogi ke kan ganiyarsa. Matsalarsu ita ce jiki kan saba da su, har ƙwayar da ta wadatar jiya ta kasa wadatarwa yau. Suna kuma kawo maƙarƙashiya da gyangyaɗi, idan aka zarce kima su danne numfashi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 347 masu sabon ciwon ƙugu ko na wuya, aka buga a 2023, ya nuna cewa bayan mako shida waɗanda suka sha irin wannan magani ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba. Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma rahoton Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da ya fito a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka sha dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda.

Kashi na huɗu su ne magungunan zogin jijiya, kamar gabafentin da amitiriftilin, waɗanda akan ba mai jin raɗaɗi kamar wuta ko kamar jan lantarki yana gangarawa ƙafa. Su ma suna sa jiri da barci, kuma ba a daina su farat ɗaya.

9.4 Sukan Allura Irin na Sinawa

Wannan hanya, wadda ake kira akufanca, ta haura shekara dubu biyu a ƙasar Sin. Mai aikin kan soka siraran allurai a wasu sanannun wurare na jiki, ya bar su na kimanin minti 15 zuwa 30, sannan ya zare. Wuraren da aka daidaita sunayensu a duniya 361 ne. A fahimtar Sinawan dauri, akwai wani ƙarfi da ke gudana a jiki ta wasu hanyoyi, toshewarsa kuma ita ke kawo ciwo. Masana kimiyya na yau kuwa sun fi danganta tasirin ga motsa jijiyoyi, da kuma sa jiki ya saki sinadarin endofin mai dusashe zogi.

Tiyata ce ma ta sa hanyar ta yi suna a Amurka. A shekarar 1971 aka yi wa James Reston, ɗan jaridar New York Times, aikin afendiks a birnin Beijin, aka yi amfani da allurai wajen rage masa ciwon bayan aikin, ya kuma rubuta labarin a jaridarsa.

9.5 Abin da Bincike Ya Nuna

A 2007 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa akufanca ta ainihi sun samu sauƙi. Waɗanda aka soka wa allurai sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44.2 ne suka samu sauƙi. Waɗanda aka bari a kan magani da motsa jiki kamar yadda aka saba kuwa, kashi 27.4 ne kacal. Wato allurar ta fi abin da aka saba, amma ta ainihi ba ta tsere wa ta kwaikwayo da wani abin kirki ba.

Wannan ne ya raba kan hukumomi. Hukumar NICE ta Ingila ta ce a 2016 kada a riƙa yi wa masu ciwon ƙugu akufanca, yayin da Kwalejin Likitocin Amurka ta sanya ta cikin hanyoyin da za a gwada a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na 2023, ta yarda da ita bisa sharaɗi, ta kuma yi hani da dangin ofiyom ga daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Sai dai a lura, yawancin waɗannan hukunce-hukunce sun shafi ciwon da ba a gano takamaiman dalilinsa ba ne. Ko da shirin inshorar lafiya na Medicare a Amurka ya fara biyan kuɗin akufanca a 2020, ya ware ciwon da ke da alaƙa da tiyata. Don haka allura ba ta mayar da faifan da ya bulluƙo, ba ta ɗaure ƙarfen da ya kwance. Iyakarta ta rage zogi, wataƙila ta rage yawan ƙwayoyin da ake sha, tare da motsa jiki a ƙarƙashin kulawar likitan gashin ƙashi. Sharuɗɗanta kuwa su ne izinin likitan da ya yi aikin, ƙwararren mai yi, sabuwar allurar da ba a taɓa soka wa kowa ba, nisantar raunin da bai warke ba, da kuma sanar da shi idan ana shan maganin tsinka jini.

9.6 Matsalar Kalmomi

A nan ne aikin malamin Hausa yake. Idan aka ce wa Bahaushe "an yi masa allura", abin da zai fahimta shi ne an ɗura masa ruwan magani, alhali allurar Sinawa ba ta da rami, ba ta ɗauke da komai. Haka nan ba daidai ba ne a kira ta tsaga ko ƙaho, domin wanzami jini yake fitarwa, ba kuma sakiya ba ce, wadda ake yi don fitar da mugunya. Saboda haka ko dai a ari kalmar a hausantar da ita, a ce akufanca, ko a siffanta a ce sukan allura irin na Sinawa. Kalmar jijiya ma tana da ruɗani, domin ta ƙunshi ta jini da ta laka da mai ɗaure tsoka, don haka dole a fayyace wadda ake nufi. Haka kuma ƙugu da kwankwaso da tsatso suna musanya gurbi daga wannan karin harshe zuwa wancan.

9.7 Kammalawa

An ga cewa magani yana da ƙarfi wajen kashe zogin farko, amma yana da illa idan aka daɗe a kansa. Akufanca tana da sauƙin illa a hannun ƙwararre, amma hujjarta ga wanda aka yi wa tiyata ba ta kai ta sauran masu ciwon ƙugu ba. Kafin a zaɓi ɗaya, gano musabbabin ciwon shi ne kan gaba. Malami kuma ya sani cewa aikinsa bayani ne, rubuta magani na likita ne.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai huɗu da kan sa ciwon ƙugu ya ci gaba bayan tiyata.
2. Bayyana sakamakon gwajin Jamus na 2007 cikin jimloli biyar, yadda ɗan aji shida na firamare zai fahimta.
3. Me ya bambanta akufanca da tsaga da ƙaho da sakiya?
4. Tattaro kalmomin sassan baya daga karin harshe biyu, a kwatanta ma'anoninsu.