Amsoshin Tambayoyinku: Me ya kawo 'yan Polan arewacin Kamaru?

Akasarin 'yan Polan da aka sani a yankin Garwa 'yan mishan ne na cocin Katolika. Limaman ƙungiyar Oblat daga Faransa ne suka riga su zuwa, a 1946, ƙarƙashin Yves Plumey. Na Polan sun biyo baya a 1970, lokacin ƙasarsu tana hannun 'yan gurguzu, suka zauna wajejen Gidar da Figil, suka koyi Fulatanci da harsunan yankin. Ɗaya daga cikinsu, Eugeniusz Juretzko, ya zama bishop ɗin Yokaduma a 1991.

Batun auratayya tsakaninsu da mutanen yankin kuwa, limaman Katolika ba sa aure, saboda haka ba su kafa zuriya a yankin ba, saɓanin fataken Hausawa da suka yi surukuta da mutanen gari.