Kayan Da Aka Bari Cikin Gem: Me Za A Tona, Me Za A Bari?

A gidajen gem na Birnin Kebbi, daga Badariya har Rafin Atiku, akwai maganar da ba ta tsufa: wai akwai wata mota ko bindiga ko ɗan wasa a ɓoye cikin gem, kuma wani yaro ya taɓa buɗewa. Yaron nan ba a taɓa ganinsa ido da ido ba, kullum abokin yayan wani ne. A da hira ce kawai ta masu jiran layin fad. Yanzu da gem ya dawo cikin waya, hirar ta zama kasuwa: a turo maka hoto a WhatsApp ko bidiyo a TikTok, a ce tura kuɗi a buɗe maka. To ƙanena, kafin ka tura ko kwabo, ka san irin abin da ake yi maka talla.

Gaskiya ne, masu haɗa gem suna barin kaya a ciki waɗanda ɗan wasa ba zai taɓa kai wa gare su ba. Dalilin ba asiri ba ne. Kamar magini ne da ya buɗe ƙofa, maigida ya sake shawara, sai ya toshe ta da bulo ya yi filasta maimakon ya rushe bango. Kowane abu a cikin gem yana da lamba a jeri, kuma wasu abubuwa sun dogara da wannan lambar. Idan ranar fitar da gem ta matso, cire abu ɗaya na iya ɓata goma, sai kawai a datse hanyar zuwa gare shi a bar shi kwance. GTA San Andreas na 2004, wanda duk wanda ya tashi da PS2 a garin nan ya san shi, yana ɗauke da irin waɗannan: akwai motar sulke mai suna FBI Truck da ba ta fitowa a titi ko kaɗan, akwai kuma ragowar allon zamiya mai tayoyi da aka so CJ, jarumin gem ɗin, ya hau aka fasa. Ko ka gama gem ɗin kakaf ba za ka same su ba, sai da wata manhaja daga waje.

Irin wannan daban yake da abin da aka kulle da gangan don ka sha wuya ka samu, kamar Reptile a Mortal Kombat na 1992, wanda ke fitowa idan ka cika wasu sharuɗɗa. Daban kuma yake da abin da babu shi sam. A wannan Mortal Kombat ɗin, wani rubutu "ERMACS" da ke shafin lissafin na'ura, wanda ke ƙirga kurakuran manhaja, ya sa mutane suka rantse akwai wani jan ninja a ɓoye. Babu shi. Sai a 1995 kamfanin ya ga jita-jitar ta yi ƙarfi ya ƙirƙiro Ermac ɗin a Ultimate Mortal Kombat 3. Haka aka yi ta yawo cikin dajin San Andreas ana neman dodon nan Bigfoot, waɗanda suka tona fayilolin gem ɗin ba su tarar da shi ba. Saboda haka matakin farko shi ne tambaya: abin nan kullalle ne, ragowa ne, ko ƙarya ce? Akwai rumbun The Cutting Room Floor a intanet da ke tattara ragowar gem-gem tare da hotuna, ka duba can kafin ka ɓata data.

Idan ka tabbata ragowa ce kuma gem ɗin tsoho ne wanda ba ya buƙatar intanet, ni ban ga laifin tonawa ba, har ma ina ƙarfafa ta. Amma da ƙa'ida.

Kwafi ajiyarka tukuna. A PS2, shiga Browser ka kwafe ajiyar zuwa memori na biyu. A waya, idan da PPSSPP, manhajar da ke kunna gem ɗin PSP, kake wasa, nemi jakar SAVEDATA da ke cikin jakar PSP ka kwafe ta wani wuri. Wannan aikin minti biyu ne, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Abin da aka bari cikin gem ba a gama gwada shi ba, shi ya sa yake iya taɓa wurin da bai shafe shi ba. A Pokémon Red da Blue akwai gurabe 190 a jerin halittu amma 151 kawai aka cika, sauran 39 suka zauna fanko. Wanda ya bi wata dabara ya ci karo da MissingNo., wato halittar da ke fitowa daga irin wannan gurbi, zai ga kayansa na shida a jaka sun ƙaru da 128, amma kundin nasarorinsa zai hargitse. Ko cit na San Andreas da kamfanin da kansa ya saka, akwai masu maƙalewa a ajiya. Wanda ke sa mutanen gari su haukace da faɗa ba ya kashuwa, kuma ya hana mutane da yawa wuce aikin ceto Madd Dogg. Gem ɗin ma yana gargaɗi idan za ka ajiye bayan ka saka cit, sai dai wa ke karantawa?

Sannan ka duba lambar faifanka. Faifan PS2 na Amurka yakan fara da SLUS, na Turai da SLES. A PSP kuma ULUS da ULES ne. Lambobin cit na Action Replay ko CodeBreaker ko na jakar Cheats a PPSSPP suna nuna wani takamaiman wuri ne a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma wurin yana sauyawa daga bugu zuwa bugu. Ka saka lambar Turai a faifan Amurka, gem ya daskare, ka ce fad ne ya lalace. A nan faifan ƙwallo da aka yi wa kwaskwarima aka saka sababbin 'yan wasa ya fi ba da ciwon kai, don an riga an taɓa cikinsa, lambar asali ba lallai ta hau ba. Kunna lamba ɗaya, ka ga abin da ta yi, ka kashe, sannan ka gwada wata. Kada ka ajiye wasa lamba tana kunne.

Masu gidajen gem da iyaye, wannan taku ce. Ba duk abin da aka toshe ne ya kamata a buɗe ba. A 2005 wani ɗan ƙasar Holan, Patrick Wildenborg, ya buɗe wani sashe na batsa da Rockstar, masu gem ɗin, suka bari a San Andreas, abin da aka sani da Hot Coffee. Da farko kamfanin ya ɗora laifin kan masu kutse, sai aka nuna sashen yana nan har a faifan PS2. A watan Yuli na wannan shekarar hukumar tantance gem ta Amurka ta mayar da shi na manya zalla, manyan kantuna suka sauke shi daga kanta, aka sake buga faifai ba tare da sashen ba. Tsofaffin kwafi ba su ɓace ba. Duk San Andreas da aka yi wa laƙabin "an buɗe komai" kada ya hau na'urar da yara ke layi a kanta, sai babba ya zauna ya duba shi.

Inda kuɗi da asusu ke salwanta shi ne gem na intanet: Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile, eFootball. A waɗannan ma ana samun kayan da ba su fito ba. Kamfani yakan turo hotunan tufafi da bindigogin wata mai zuwa cikin sabuntawar yau, masu tono su ciro su baza. Wasu kayan su fito daga baya, wasu a fasa, wasu na gwajin ma'aikata ne kawai. Hoton da aka nuna maka zai iya zama na gaske. Amma abin da ke cikin wayarka hoto ne kawai. Rajistar wanda ya mallaki me tana can a babbar kwamfutar kamfani, kuma ba wani mai sayar da data ko mai gyaran waya da ke da hannu a can. Iyakar abin da gyararriyar manhaja za ta yi shi ne ta nuna maka rigar a allonka kai kaɗai, abokan wasanka na ganin tsohuwarka, har ranar da kamfani ya gano ya rufe asusun. Garena, mai Free Fire, ta bayyana ƙarara cewa amfani da gyararriyar manhaja na jawo rufewa ta dindindin. Shekarun da ka yi kana tara dayamon sun tafi a kan rigar da ba wanda ya gani.

Mai tallar kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai ya karɓi kuɗin ya toshe lambarka, ko ya turo shafin da ya yi kama da na Facebook ko Google ya ce ka shiga don a loda maka kayan, ko ya turo fayil ɗin APK. Wannan na ƙarshe ya fi muni. Idan gem ya nemi izinin karanta saƙonninka, tambayi kanka me harbi ya haɗa da saƙo. Ta saƙo ne lambar OTP ta banki ke shigowa. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka, ko ta mama da ka ara da dare, ba wurin gwaji ba ce. Wanda ya riga ya shigar da bayanansa ya sauya kalmar sirri yanzu, ya fitar da duk na'urorin da bai sani ba daga asusun, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya goge manhajar. Idan layin banki na cikin wayar, ya kira bankinsa a ranar. Mai son ganin kaya kafin su fito ya nemi gurbi a Advance Server na Free Fire ta shafin Garena, yana sane da cewa abin da ya tara a can ba ya biyo shi babban asusunsa.

Wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, ko ta jiha a Aliero, zai ƙaru sosai da tona tsohon gem. Lissafin hex da ake haddacewa don jarrabawa zai zama abin gani da ido idan ka sauya lamba ɗaya ka ga motar CJ ta koma wata. Fara da kwafin San Andreas na kwamfuta a jaka ta daban, ka buɗe handling.cfg da ke cikin jakar data da Notepad. Nauyi da gudun kowace mota suna rubuce a layinta, har da FBI Truck ɗin da ba ta taɓa hawa titi ba.